Taken Hudu a Zauren Amo

Malama Huseina ba ta iya zama hannunta ya zauna. In tana ofishin malamai tana jiran a kaɗa ƙararrawa, yatsunta na bugun tebur. In wanke-wanke take yi a gida, ƙwarya ce ke shan wahala. Ko a layin asibiti ka same ta, za ka ga tana taɓa jakarta a hankali kamar mai lallashin jariri. Abokan aikinta a makarantar firamaren da take koyarwa a Dutsin-Ma sun daɗe suna tsokanarta, wai aljaninta makaɗi ne. Dariya kawai take yi ta janye hannun. Ba ta taɓa gaya musu cewa abin ba daga aljani ta samo shi ba, daga uba ne.

Ubanta shi ne Lawal Maiganga, mutumin Rawayau ta ƙasar Kurfi, makaɗin manoma. A zamanin da ake gayya, wato mazan gari su taru su nome gonar mutum ɗaya a wuni guda, ba a saka garma a ƙasa sai Lawal ya rataya gangarsa. Kowane ƙaƙƙarfan manomi yana da takensa, ɗan guntun kiɗa da yake nasa shi kaɗai, wanda ganga ke faɗin sunansa da yabonsa a ciki. In aka kaɗa wa mutum takensa, ko me yake yi sai ya amsa: ya ɗaga garma sama, ya yi kirari, ya tako har gaban makaɗi, in kaka ta yi kuma ya aiko masa da damin gero. Ba a kaɗa take don wasa. Kira ne, mai shi kuwa ba ya ƙin zuwa.

Tun tana ƙarama, ita da 'yar tagwayenta Hassana ake ɗora wa ƙwaryar fura su kai gona. Hassana na ajiyewa take juyawa, ta ce ganga na sa mata ciwon kai. Huseina kuwa sai ta laɓe a gindin bishiya har a tashi. Kafin ta shiga aji huɗu ta haddace taken duk manoman garin, tana faɗinsu da baki tana daka. Yayyenta maza, waɗanda uban ya so su gaje shi, babu wanda ya kalli gangar: ɗaya ya zama tela, ɗaya ya kama acaɓa. Lawal ya yi ta ƙorafin ganga za ta mutu a gidansa, ga mai riƙe da ita a tsakar gida tana shara, amma idonsa bai taɓa kaiwa kanta ba, don mace ba ta rataya gangar noma.

A sakandaren kwana aka koya mata ɓoye abin. Wata rana a ɗakin kwana aka shiga tambayar sana'ar iyaye, da aka zo kanta ta ce makaɗi, da alfaharinta. Kafin gari ya waye sunanta ya koma ɗiyar maroƙi, har wasu na miƙa mata ragowar garin kwaki wai sun yi mata kyauta. Daga ranar, duk wanda ya tambaya sai ta ce babanta manomi ne. Ba ƙarya ta yi ba, yana noma. Rabin gaskiyar ne ta ninke ta zauna a kai.

A kwalejin horar da malamai ta fara ganin an rubuta kiɗa a allo. Wani malami ya ja layuka biyar, ya jera ɗigo-ɗigo a kansu, ya ce duk wanda ya iya karanta wannan, ko a wace ƙasa yake, zai fitar da amo iri ɗaya. Huseina ta ji kamar an buɗe mata ƙofa. Ashe abin da ke yawo a yatsunta ilimi ne, har ana jarrabawa a kansa! Ta bi do-re-mi ta ƙware, ta gama, ta auri Ja'afar, ma'aikacin lafiya mai sanyin hali, ta zauna a Dutsin-Ma.

Ƙanin mijinta Munzali ne ya jefa ta harkar intanet. Yana da shagon kwamfuta inda ɗalibai ke zuwa buga takardu, kuma bakinsa ba ya hutawa a kanta.

"Matar yaya, wannan ilimin naki na buga tebur, in ba ki zuba shi wani wuri ba zai tsage mana kwanoni," in ji shi. "Zo in buɗe maki shafi ki je can ki dami duniya."

Haka aka kafa Zauren Amo, shafin da ke bayanin ƙa'idojin kiɗa da Hausa: yadda ake karanta layukan nan biyar, yadda ake ƙirga bugu, mene ne amo mai tsawo da gajere. Ta ɗauka ɗalibanta na da ne kawai za su leƙa. Sai ga mutane daga inda ba ta zata ba. Akwai Malam Ubaidullahi, malamin makaranta a Maraɗi, mai gardama kamar ya ci kuɗin gardama. Akwai Sa'idu, makaɗin kalangu a Funtua, wanda ba ya rubutu sai dai ya aiko da murya. Ga masu shirya waƙa a situdiyo, ga masu koyar da yara. Suka sa wa kansu 'yan zaure, suna tambaya suna amsa wa juna, ita tana tsakiya tana raba faɗa.

Matsala ɗaya ta dame ta. Misalan da ke cikin littattafanta duk na wasu ƙasashe ne, ba sa shiga kunnen mutanenta. Don haka da ta je gida hutun Sallah ta roƙi uban ya kaɗa mata ta ɗauka a waya.

"Baba, don karatu ne kawai," ta ce.

"Mi za ni kaɗa maki? Ni take na iya. In na kaɗa nan cikin gari, masu shi za su taso."

Sai ya ja ta can gonarsa ta bayan fadama, inda babu mai ji, ya rataya ganga ya kaɗa mata takuna ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin sunan mai kowanne. Wannan tafiyar kaɗai ta isa ta tuna mata nauyin abin da ta ɗauko. Amma da ta dawo Dutsin-Ma ta zauna ɗora su a shafi, sai ta yanke muryar uban, ta cire sunayen, ta sa musu Darasi na Ɗaya, Darasi na Biyu, har zuwa ƙarshe. Ta ce wa kanta ai tsarin ilimi ke nan. A gaskiya kuwa tsoro ne: in ta sa sunaye za a tambayi wanda ya kaɗa, in aka tambaya kuma sai ta faɗi ɗiyar wa ce ita. Darussan suka karɓu fiye da komai a shafin, mutane suka yi ta sauke su a wayoyinsu.

Cikinsu akwai taken Hudu. Hudu aminin Lawal ne tun suna samari, kuma a Rawayau ba a yi manomin da ya kai shi a gayya ba. Takensa cewa yake, "Rana ta gaji, Hudu bai gaji ba." Sai dai gayya ta daɗe da mutuwa. Shanun huɗa da maganin feshi sun karɓe aikin, ga zaman ɗarɗar da ya hana taruwa a gonakin nesa. Hudu ya tsufa, ya yi shekaru rabonsa da jin ganga ta kira sunansa.

Ran wata kasuwar Kurfi yana tsugune yana taya akuya, sai ya ji takensa ya tashi daga tsakiyar kasuwa, da hannun Lawal sak, wanda ko cikin barci ba zai ɓace masa ba. Tsohon nan ya saki igiyar akuya. Ya fizgi garma daga shimfiɗar wani maƙeri, ya ɗaga ta sama, ya ɓarke da kirari, yana ratsa mutane yana neman amininsa. Ya isa inda kiɗan ke fitowa daidai lokacin da wani mai sayar da takalma ya zaro waya daga aljihu, ya danna, kiɗa ya yanke, ya kara a kunne ya ce, "Alo, wa ke magana?" Shi mai takalman bai san Hudu ba, bai ma san take ba ne. Kiɗan ne ya yi masa daɗi ya mayar da shi na kiran waya. Kasuwa ta kwashe da dariya, Hudu na tsaye da garmar mutane a sama. Marasa kunya har suka riƙa kiran wayar da gangan don su ga ko zai sake.

Da yamma ya tsaya a ƙofar gidan Lawal, ko sallama bai tsaya an amsa ba.

"Lawal, sayar da ni ka yi?"

Abin da ya ce ke nan ya juya. Daga ranar ya sake sahu a masallaci. In sun haɗu a hanya sallamar Musulunci ce kawai, babu tambayar gida, babu zama a dakali. Lawal ya ɗaure gangarsa a rufin ɗaki, ya sa aka kira masa ɗiyarsa a waya, ya ce mata, "Ki cire," ya miƙa wa mai wayar abarsa. Bai zage ta ba, bai ƙara tayar da maganar ba, kuma da zagin ya yi da ya fi mata sauƙi. Huseina ba darussan kaɗai ta cire ba, ta sa Munzali ya rufe Zauren Amo gaba ɗaya.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, wata ta sake biyowa. Huseina ta ci gaba da koyarwa, ta haihu, ta yaye. In ta je Rawayau ta durƙusa ta gai da uban, yana amsawa da fara'a, ya ɗauki jikokinsa, amma tana ganin dakalin ƙofar gida inda shi da Hudu suke zama bayan la'asar, kaji ne kawai a kai. Ta san ita ta raba tsofaffin nan biyu, kuma ta san shekaru ba jira suke ba.

A wani zuwan ne ta lura da hannunsa. Ta miƙa masa kofin kunu, ta ga kofin na rawa har yana zuba a riga kafin ya kai baki. Ja'afar ya duba shi, ya kai shi asibiti, aka ba da magani, aka ce zai rage amma ba zai tafi ba. A hanyar komawa, a bayan mota, ta shiga lissafin abin da ba ta so ta lissafa: hannun da ya san taken manoman Rawayau duka ya gama aiki, ita kuma da hannunta ta sa aka share abin da ya rage.

Da ta faɗa wa Munzali haka, sai ya sosa ƙeya.

"To, matar yaya, in kin yi alkawari ba za ki jefe ni da ludayi ba, zan faɗa maki wani abu. Cewa kika yi in rufe. Na rufe ƙofa, ban ƙona ɗaki ba. Komai na nan, har ainihin ɗaukar da kika yi a gona, da muryar Baba a ciki."

Ta zauna a kan bencin shagon ta yi kuka sosai, ɗalibai na leƙe. Tun da take da shi ba ta taɓa gode wa Allah da ya yi shi mai kunnen ƙashi ba sai ranar.

'Yan zaure ma ashe ba su watse ba. Sun koma hira a waya, lokaci-lokaci suna aiko mata da tambayar yaushe za a buɗe. Ranar ta daure ta ba su labarin duka, har da ɗiyar wa ce ita. Ta zata za a yi shiru. Malam Ubaidullahi ne ya fara amsawa, ya ce do-re-mi ko'ina aka shiga ana samu, da Turanci da Faransanci, shi abin da ke mayar da shi shafin kullum darussan nan ne, kuma ya daɗe yana cin karo da wuraren da layuka biyar suka kasa ɗauke su. Sa'idu ya aiko da murya yana dariya: "Malama, tun ran farko na san takuna ne. Na dai rasa wanda ya sake su yawo ba riga. Ki gai da Baba, ki ce ɗan'uwa na Funtua na jinjina." Ta saurari saƙon nan ta sake saurare. A nan ta ga hanyar da shafin zai bi in ya tashi: ya bar bin ƙa'idar kiɗan wasu da kowa ke koyarwa, ya koma kan ta gida, take da yadda ake gina shi. In kiɗa ya sake, dole rawa ta sake. Amma ta yi wa kanta alkawari ba za a buɗe ba sai dakalin nan ya samu masu zama.

Ta fara da uban. Ya saurare ta yana kallon ƙasa.

"Ba nawa ba ne, Huseina. Ni kaɗawa nike. Mai abu shina nan da ranshi, ki tahi ki tambaye shi."

Ta sami Hudu a zaurensa yana tufkar igiya. Matarsa Batula ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, ta koma bakin ƙofa ta tsaya don kada ta rasa komai. Huseina ta durƙusa ta faɗi yadda aka yi tun daga gonar bayan fadama: uban bai san an ɗora ba, bai karɓi komai ba, ita ta cire sunaye, da dalilin da ya sa. Hudu bai daina tufka ba sai da ta kai aya.

"Kin ɗauka dariyar ta yi mani ciwo?" ya ce. "An yi mani dariya tun ba a haife ki ba. Ɗiyata, murna na yi. Da na ji gangar nan cewa na yi Lawal ya tuna da ni, ya biyo ni har Kurfi. Ina ratsa mutane ina jin ƙarfi na dawo mani. In je in iske ba kowa."

Huseina ta kasa ɗaga kai.

"Baba Hudu, a yafe mani. Kuma ina roƙon a ba ni izini in mai da shi, da sunanka a kai."

"Ke na yafe maki, yarinta ce da boko. Amma take ba a roƙonshi da baki. Wanda ya kira ni ban same shi ba, shi zai zo ƙofar gidana da ganga tai ya kira ni in same shi."

Ta buɗe baki za ta yi maganar hannun, ta fasa. Hudu bai sani ba, don Lawal na ɓoye hannun cikin riga in zai fita, kuma ba ita za ta tone shi ba. Ta koma gida ta isar da saƙo tana jiran uban ya ce ba zai iya ba. Sai ya ce a sauko masa da ganga a shanya ta a rana, fatar ta saki.

Washegari da hantsi suka tafi, ita a baya, shi a gaba da ganga a kafaɗa, abin da garin ya manta rabonsa da gani. Kafin su isa mutane sun biyo su. Hudu na zaune a ƙofar gida ya sa rigarsa ta Juma'a, tsohuwar garmarsa a jingine kusa da shi. Lawal ya tsaya, ya gyara rataya, ya ɗauki gula, sandar kiɗan mai lanƙwasa, ya kai bugu. Na farko ya fita. Na biyu ya zame. A na uku gular ta kuɓuce ta faɗi ƙasa, hannun ya ci gaba da kaɗawa shi kaɗai a iska. Hudu ya zuba wa hannun ido, fuskarsa ta sake, don sai a lokacin ya san abin da ya sami amininsa yana can yana fushi.

Lawal bai sunkuya ɗaukar gula ba. Ya waiwaya ya ce, "Huseina, kawo abin naki. Kunna."

Ta matso, ta nemo ainihin ɗaukar gona, ta ɗora wayar a kan fatar ganga ta riƙe. Muryar Lawal ta fara fitowa, da ƙarfinta na da: "Wanga na Hudu ne." Sai kiɗa ya biyo, cikin gangar ya ɗauke shi ya ƙara masa kauri. Rana ta gaji, Hudu bai gaji ba.

Hudu ya dafa bango ya miƙe. Ya ɗaga garma har sai da hannun rigarsa ya zame, ya yi kirarinsa tun daga farko, murya na tsagewa, Batula ta rangaɗa guɗa daga bakin ƙofa. Ya tako a hankali, bai ko kalli wayar ba, ya kama hannun nan mai rawa ya riƙe shi gam a cikin nasa.

"Na same ka," ya ce. "Don mi ba ka faɗa mani ba, kai wawan tsoho?"

"Ina zan faɗa maka, ka bar mani sahu?"

Mutane suka yi dariya, wasu na share ido. Ranar a dakalin Hudu aka yi azahar ana hira, kuma a nan ya gindaya mata sharaɗinsa: a rubuta sunansa, a rubuta na Lawal, kada a bar kowa ya ɗauke kiɗan ya sa a aljihu, sannan duk wanda ya kunna ya sani mutum ya kira, don haka ya bar gaisuwa.

A kan wannan sharaɗin aka sake gina Zauren Amo. Munzali ya cire wurin saukewa, yana ƙunƙuni wai an mayar da shi mai gadin ganga. Darussan do-re-mi ba a zubar ba, an matsar da su gefe don mai buƙata. Gaban shafin ya zama na take. Kowanne na da ɗakinsa: sunan mai shi da garinsu a sama, sunan makaɗi, kalmomin da ganga ke faɗi, sannan bayanin ginin. Huseina ta bi gidajen masu takuna ɗaya-ɗaya, inda mai shi ya rasu ta tambayi 'ya'yansa. Wasu suka yarda da murna, wasu suka ce a bar musu abinsu, aka bar musu.

Bayanin ginin shi ya fi cin rai, shi ya fi daɗi kuma. Duk ƙarshen mako tana Rawayau, uban na faɗin take da baki, tana tsayar da shi tana tambaya.

"Baba, me ya sa a nan kake danne fata da hannun hagu?"

"Haka a ke yi."

"To me ya sa ba ka danne a can ba?"

"Ke, in na danne can ai ba Hudu na ce ba!"

Shi ya iya, bai san dalili ba. Ita ta san neman dalili, ba ta da hannun. Sai ta kai zaure a baje. A can, bayan gardamar da ta kusa raba Malam Ubaidullahi da Sa'idu, suka tsayar da hanyar rubutu tasu: kalma a sama, a ƙarƙashin kowace gaɓa alamar ko murya ta hau ko ta sauka, ko ta ja ko ta tsinke, da inda hannu ke danne fata don amo ya bi muryar. Da ta karanta wa uban wani take daga rubutun, wanda wani ɗan zaure da bai taɓa zuwa Katsina ba ya rubuta, ya gane na wane ne tun ba ta kai rabi ba. Ya jinjina kai ya ce boko ma dai wani lokacin yana da amfani.

Ran da aka buɗe shafin, ɗakin Hudu ne na farko. Gaisuwa ta yi ta shigowa daga Maraɗi, daga Funtua, daga Zariya, daga garuruwan da Batula ta ce ita ba ta yarda akwai su ba. In Huseina ta je sai ta zauna a gefen dakali ta karanta wa tsofaffin biyu, Hudu kuma ya ce sai an amsa kowace, ɗaya-ɗaya, don shi ba a taɓa kiransa ya ƙi amsawa ba. A farkon shafin ta rubuta godiya ga Munzali da bai ji magana ba, ga 'yan zaure da suka ƙi watsewa, ga Ja'afar da ya sha renon yara ran Asabar. Duk wanda ya yaba mata aikin, cewa take ita dai an yafe mata ne, kuma ta san ba kowa ke samun wannan tun masu yafewar na raye ba.

Da kaka ta yi, wata safiya ana tsakiyar taron malamai a farfajiyar makaranta, sai ga yayanta ɗan acaɓa ya shigo har ciki, da ƙaton damin gero ɗaure a bayan babur. Ya sauke shi a gabanta yana haki, ya ce sauri yake, ba zai iya kaiwa gida ba.

"Baba Hudu ya aiko da dami biyu," ya ce da ƙarfi, don shi bai iya magana a hankali ba. "Baba ya ce a kawo maki ɗaya. Ya ce wanda aka fita kiɗa da shi ba a hana shi rabonshi."

Ya tayar da babur ya tafi. Malamai suka kewaye dami suna taɓa zangarniya. Shugabar makaranta ta gyara tabarau ta ce, "Malama Huseina, ashe noma kike yi ba mu sani ba? Wannan rabon mene ne?"

Huseina ta dubi damin. Ta ji yatsunta sun fara bugun gefen jaka, wannan karon ba ta janye su ba.

"Ba noma ba ne, Hajiya," ta ce. "Babana makaɗi ne. Kiɗa muka je ni da shi, aka ba mu."